A ko C: Wane Karatu Ne Zai Amfani 'Ya'yan Dogon Kiriya Gobe?

Duk shekara, da zarar sakamakon birbe, jarrabawar gama kwaleji, ya fito, gidajen Arewa da Allah ya ba ɗansu ko 'yarsu sa'a sukan tsinci kansu a bakin ƙofa biyu. Yaro zai shiga ajin farko na lise, ko dai ta ɓangaren A, inda ake ba adabi da harsuna da tarihi da falsafa ƙarfi, ko ta ɓangaren C na lissafi da kimiyya, wanda daga baya yake rabuwa gida biyu, C da D. A Dogon Kiriya, ƙaramar hukumar karkara ta Nijar da ke arewacin Dogon Dutsi, wadda ƙidayar 2012 ta tarar mutanenta sun haura 60,000, uban yaron galibi manomi ne ko makiyayi. Da damin hatsi da kuɗin akuya ya kawo ɗansa wannan matsayi, don haka tambayarsa tana kan hanya: wane karatu ne zai ba yaron nan abin yi nan da shekara goma ko ashirin, har ya iya waiwayar gida?

Wannan gardama ta daɗe a duniya. Tun 1959 wani masanin Ingila, C. P. Snow, ya yi lacca a Kambirij yana kukan cewa masana kimiyya da masana adabi sun zama al'umma biyu da ba sa jin maganar juna. A 2015 ministan ilimi na Japan ya rubuta wa jami'o'in gwamnati takarda yana neman su rage sassan ilmin ɗan Adam ko su juya su zuwa abin da ake ganin ya fi biyan buƙatar ƙasa, aka yi ta cacar baki. Maƙwabciyarmu Najeriya ta daɗe da ƙa'idar ba kimiyya kashi 60 cikin 100 na guraben jami'a, sauran fannoni kashi 40. Ta ma cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu wajen 2009, sai da aka yi shekara goma da 'yan kai ana ƙorafi kafin a dawo da shi. Sai dai Japan da Ingila suna gardama ne bayan sun ƙoshi da injiniyoyi. Mu ba mu kai nan ba, kuma wanda ya kwaso maganarsu ya dasa ta a Dogon Kiriya yadda take zai ɓata lissafi.

Ra'ayina shi ne, a halin da muke ciki, lissafi da kimiyya sun fi cancantar a tura musu yara masu yawa, kuma amfaninsu ga yaro da ga ƙasa zai ƙaru nan gaba. Amma ina ganin akwai abin da ya fi wannan hukunci muhimmanci, wanda ba a cika faɗa ba: yawancin yaranmu ba su ne suke zaɓa ba. An riga an zaɓa musu tun suna ajin farko na firamare.

Mu fara da ruwa, tunda shi ne abin da kowace mace a yankin nan take kwana da shi take tashi da shi. A cikin kwarin Dallol Mawri ruwa yana kusa, shi ya sa noman rani ya kankama a kewayen Dogon Dutsi, har dankalin turawa ya zama abin da ake lodawa zuwa kasuwanni. Da ka hau tudu kuwa, rijiya takan yi zurfin da jan guga ɗaya aiki ne na dabba. A ƙarƙashin wannan ƙasa akwai manyan taskokin ruwa na kwarin Iullemeden, waɗanda Nijar ke tarayya a kansu da Mali da Najeriya. Sanin inda za a haƙa, da zurfin da za a kai, da yawan abin da za a ɗiba ba tare da an ƙafar da rijiyoyin maƙwabta ba, aikin mai ilmin ƙasa ne da lissafi. Sanin ko ruwan da ya fito yana shayuwa aikin mai ilmin sinadarai ne. Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce ya tambayi mutanen Tibirin Gobir ta jahar Maradi, ba Tibirinmu ta nan ba. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara ba garin ruwa daga wata rijiyar burtsatse da sinadarin fuluwo ya yi wa yawa, aka yi kusan shekara 15 ana sha, dubban yara suka tashi da lalatattun haƙora, wasunsu da karkatattun ƙasusuwa. Gwaji na yau da kullum a ɗakin bincike, da wanda zai karanta sakamakon ya tsaya a kansa, da sun rage wannan bala'i.

Wutar lantarki ma haka. A watan Agusta na 2023, lokacin takunkumin CEDEAO, Najeriya ta katse wutar da take ba mu, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, garuruwa suka shiga duhu. Wannan kuwa a ƙasar da rana ta fi komai yawa, ƙasar da ta haifi Abdou Moumouni Dioffo. An haife shi a Tasawa a 1929, ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin fizik a 1956, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, daga 1969, inda aka riƙa ƙera tukunyar ɗumama ruwa da murhun girki masu aiki da rana tun duniya ba ta ɗauki abin da muhimmanci ba. Yau allunan hasken rana sun shiga ƙauyukanmu, suna ɗaga ruwa suna cajin waya, amma daga waje ake kawo su, kuma idan famfon sola ya tsaya a ƙauye sau da yawa sai an jira mai gyara daga birni. Bututun man fetur mai tsawon kusan kilomita 2,000, daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, ta jahar Dosso ya ratsa ya fice ta Gaya. Yuraniyam ana haƙarsa a Arlit tun 1971. Duk maganar da ake yi yanzu ta riƙe arzikin ƙasa a hannun 'yan ƙasa tana rataye ne a kan samun 'yan ƙasa da za su iya tafiyar da ma'adinai da matatar mai da tashar lantarki, daga auna dutse har zuwa duba lissafin abin da aka fitar. Likitoci kuma har yanzu ba mu kai ko ɗaya ga mutum 10,000 ba, kuma mafi yawansu a Yamai da manyan garuruwa suke.

Ga shi kansa yaron, akwai wani dalili da nake ganin ya fi duka ƙarfi. Wanda ya ci bak, jarrabawar gama lise, a C ko D ƙofofin jami'a kusan duka a buɗe suke gare shi. In ya ga dama ya karanta likitanci ko aikin gona ko ya shiga makarantar ma'adinai ta EMIG, in kuma zuciyarsa ta karkata ga shari'a ko tattalin arziki ko tarihi, babu mai hana shi. Wanda ya yi A kuwa, da wuya ya sake komawa ga fizik ko likitanci. Lissafi karatu ne da ake ɗora shi hawa-hawa, wanda ya kuɓuce masa yana ɗan shekara 13 ba kasafai yake kamo shi yana ɗan 25 ba. Tarihi da adabi kuwa mutum yana iya shigarsu da furfura, ya kuma yi zurfi. Saboda haka yaron da ke iya lissafi, ko da yana son adabi, bai yi asarar komai ba in ya riƙe C har ya gama lise.

To me ya sa, duk da haka, 'yan A suka fi yawa a jarrabawar bak ta Nijar, 'yan D na biye, 'yan C kuwa ƙalilan ne a duk faɗin ƙasar? Ba don yaranmu sun fi ƙaunar falsafa ba ne. Maki ne ke raba su, makin kuma tun daga tushe ya lalace. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna 'yan makarantar firamare a ƙasashe goma na Afirka masu amfani da Faransanci, ya tarar fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran Nijar da ke ajin ƙarshe ba su kai matakin da ake buƙata ba, a karatu da kuma lissafi. Zagayen 2019 ya nuna an ɗan matsa gaba, amma har a lokacin mafi yawa suna ƙasa da matakin. Yaron Dogon Kiriya yana shiga lakwal da Hausa ko Fulatanci ko Tamajak a bakinsa, a tarye shi da Faransanci. Yaron da ke iya ƙirga tumakin gidansu, ya ba da canjin jika a kasuwa ba kuskure, sai a ba shi tambayar lissafi ya kasa, saboda bai gane abin da jimlar ke nema ba. A rubuta masa sifiri, shi da iyayensa su yarda cewa ba shi da kan lissafi. Ya zo kwaleji, malamin lissafi da na fizik su ne suka fi wuyar samu a karkara, don mai wannan takarda yana da inda zai je da ya fi albashin kwantiragi. Sau da yawa wanda ya karanta wani fanni dabam ne ake ba darasin, ko ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan ɗan lokaci. Ɗakin gwaje-gwaje kuwa, yara da yawa sukan gama kwaleji ba su taɓa leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta ba. Ga ajin zana da ba a fara karatu a cikinsa sai an gama girbi an samu kara, ga rashin tsaro da ya fara taɓa arewacin yankin, wanda ke sa malami ya nemi canjin wuri. 'Yan mata kuma nasu ya fi, domin tun kafin a kai ga zancen A ko C aure ko rashin masauki a gari ya riga ya fitar da da yawansu.

Haka A ta koma wurin da ake tara waɗanda lissafi ya kayar, kuma wannan zalunci ne ga ɓangarorin biyu. Kimiyya ta rasa yaran da da sun iya ta. Adabi da tarihi kuma sun cika da waɗanda ba su neme su ba, suna haddar darasi don cin jarrabawa, su fito da takarda su tarar gwamnati ba ta ɗaukar ma'aikata kamar da. Mai binciken nan Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana aiki a Dogon Dutsi, littafi guda ta rubuta a 2019 kan fada, inda samari, har da masu takardu, ke zaman shayi suna jiran aikin da bai zo ba. Idan mutane suka ga haka sai su ce karatun adabi ba shi da amfani. Abin da suka gani kuwa sakamakon karatun da aka yi ba da so ba ne, kuma ba a yi shi da kyau ba.

Domin idan aka yi shi da kyau, aikin da ke jiransa a ƙasar nan yana da yawa. Allurar shan inna kimiyya ce tsantsa, kuma tana aiki. Amma a 2003 jihar Kano ta dakatar da ita saboda jita-jitar cewa an sa mata abin hana haihuwa, jita-jitar da ta samu gindin zama saboda mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yaransu a 1996 ba. An koma yin allurar a 2004, amma cutar ta riga ta bazu, har da Nijar, kuma daga baya ta kai ƙasashe kusan 20. Abin da ya warware matsalar shi ne shigar sarakuna da malamai da waɗanda suka san yadda ake magana da jama'a, da haka aka kai ga 2020, shekarar da aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Sassaben zamani ma darasi ne. Dabarar barin kututturen gawo da sabara su sake toho a gona, wadda ta bazu daga jahar Maradi tun shekarun 1980 har ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, ba ta da wani sirri mai wuya. Ta kankama ne lokacin da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, jami'in gandun daji ba zai ci shi tara a kansa ba. Wannan magana ce ta doka da mallaka da amana.

A Dogon Kiriya, inda gona ke ƙarewa makiyaya ta fara, wannan ya fi kusa da rai. Kowa ya san abin da ke faruwa idan aka nome burtali, ko dabbobi suka sauko kafin ranar sakin gonaki. Nijar tana da kundin dokokin karkara tun 1993, da kwamitocin filaye tun daga ƙauye har zuwa gunduma. Na'urar auna fili za ta nuna maka iyaka daidai, amma ba za ta gaya maka kakan wane ne ya ara wa kakan wane gonar ba, ko da wane sharaɗi. Ana buƙatar mutumin da ya san dokar gwamnati da hukuncin Musulunci da al'adar Arawa, yana jin Hausa da Fulatanci, kuma ɓangarorin biyu sun yarda da shi. Irin wannan mutum ɗaya yana iya hana zubar da jinin da asibiti guda ba zai iya mayarwa ba. Abin da ya faru tsakanin manoma da makiyaya a Toda ta jahar Maradi a 1991, inda aka kashe mutane fiye da 100, ya isa gargaɗi.

Sai batun harshe. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wa zai rubuta littafin lissafi na aji uku da Hausa mai kyau? Wa zai daidaita kalmomin fizik da na shari'a, ya horar da malamai, ya fassara dokoki yadda talaka zai karanta ya gane? Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973, ƙwarewar tana nan, masu ita ne suka yi kaɗan. A nan ne gardamar take cin kanta, domin hanyar da za ta ƙara mana 'yan C ta hannun masana harshe za ta bi. Abdou Moumouni, masanin fizik, ya ga haka tun da wuri: littafinsa da ya fi shahara, wanda ya fito a 1964, kan ilimi a Afirka ne, kuma a ciki ya tsaya kan a koyar da yara da harsunansu.

Tarihinmu ma bai gama rubutuwa ba. Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu a watan Afrilu na 1899, amma yawancin 'yan boko sun san ta ne ta ƙagaggen littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, waɗanda aikin fasaha ne, ba bakin mutanen Lugu da Bagaji ba. Abin da ke burge ni shi ne, cikin waɗanda suka zauna suka tattara abin da mutanen Lugu ke faɗa da kansu suka mai da shi littafi, akwai Boubé Namaïwa, malamin falsafa ɗan Arewa, da Marie-Françoise Roy, Bafaransiya masaniyar lissafi da ta koyar a jami'ar Yamai a farkon shekarun 1980. Tsofaffin da ke riƙe da irin wannan labari a ƙauyukan Dogon Kiriya da Matankari da Sukukutan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ya tafi da su ba ya dawowa.

Wasu za su ce ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta, wadda ta cika duniya tun ƙarshen 2022, za ta share wannan duka: ta fassara, ta rubuta wasiƙa, ta warware lissafi. Lalle za ta rage darajar wasu ayyuka, kuma a ɓangarorin biyu. Mai takardar A da iyakar abin da ya iya shi ne tsara rahoto da Faransanci yana cikin haɗari, haka ma mai takardar kimiyya da iyakarsa haddar ƙa'idoji ko rubuta ƙananan manhajoji. Abin da zai yi saura shi ne aikin da sai an taka ƙasa: wanda zai haɗa famfo a ƙauye, ya duba mai naƙuda, ya gwada irin hatsi a gonar da damina ke yi wa gardama, ya zauna tsakanin manomi da makiyayi. Kuma na'urar abin da aka rubuta take koyo, abin da ke cikin kan tsohuwar Lugu kuwa ba a rubuta shi ba. Wanda zai gane ko amsar da ta bayar daidai ce shi ma sai ya san lissafin da kansa. Jami'ar Dosso, wadda aka kafa a 2014 aka ba ta fannin fasahar sadarwa, a ƙofar gidanmu take, amma da lissafi ake shigarta.

Magabatanmu ba su san wannan rabuwa ba. Malamin da zai raba gado dole ya iya hisabi, kuma littafin aljabara na Alkhawarizmi kansa babban sashensa kan wasiyya da gado ne. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bakatsine da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan lissafin hatimi wanda masana tarihin lissafi ke nazari har yau. Da Baturen nan Clapperton ya koma Sakkwato a 1826, cikin tsarabar da ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello akwai littafin Iƙlidis na lissafin siffofi da Larabci, Bello kuwa ya riga ya san littafin. Sunayen jami'o'inmu ma shaida ne: Abdou Moumouni a Yamai, Dan Dicko Dankoulodo masanin sinadarai a Maradi, Boubakar Ba masanin lissafi a Tillaberi, sai André Salifou a Damagaram da Djibo Hamani a Tawa, su biyun masana tarihi.

Saboda haka ga uban da ke tambaya, amsata ita ce: in yaronka ko 'yarka na iya lissafi, kada ka bari tsoron faɗuwa ko zugar abokai su kai shi A, ka tsaya masa ya yi C ko D. In kuwa baiwarsa a harshe take, yana son karatu da rubutu da bin diddigin magana, ka bar shi ya yi A da zuciya ɗaya, ya haɗa da Larabci ko Ingilishi, ya iya rubuta Hausa da ƙa'idarta, kada kuma ya yar da ɗan lissafin da zai karanta kasafin kuɗin ƙaramar hukuma da shi. Muna buƙatar irinsa, ko da ba da yawan 'yan kimiyya ba.

Amma babban aikin yana ƙasa da lise. Ina kira ga hukumomin Dogon Kiriya, da kwamitocin iyayen yara, da 'ya'yan Arewa da ke aiki a Yamai da Dosso da ƙasashen waje, su sa ido kan abu biyu: kowane yaro ya iya karatu da ƙirga da harshen da yake ji kafin ya gama aji uku, kuma kowace kwaleji ta samu malamin lissafi na gaske, a ba shi masauki da abin da zai sa ya zauna. Waɗanda suka yi C da D daga cikinmu su riƙa sadaukar da wani ɓangare na hutunsu suna koyar da ƙannensu, mata da maza. Sai an yi wannan ne za a ce ɗan Dogon Kiriya shi ya zaɓi A ko C da kansa.